Darasi na Sha Ɗaya: Zama da Cutar Siliyak a Cikin Jama'a

Akwai cututtukan da maganinsu yake cikin kwalba, mutum ya shiga ɗaki ya sha abinsa ba wanda ya sani. Cutar siliyak ba ta cikinsu. Har yau ba ta da ƙwaya, ba ta da allura. Maganinta guda ne: mai ita ya rabu da alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, da duk abin da aka sarrafa da su, iyakar rayuwarsa. Maganin ke nan yana cikin kwanon abinci, kwanon abinci kuwa hannaye da yawa ne suke bi ta kansa. Wani ne ya kai niƙa, wata ce ta tuƙa, wasu ne suka kewaye shi suka sa hannu. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, mai siliyak ba zai iya riƙe maganinsa shi kaɗai a ɓoye ba, kuma mafi yawan ƙuncin zuciya da kaɗaicin da masu ita suke kuka da su daga ƙoƙarin ɓoyewar suke fitowa. Sauƙin yana cikin faɗa a fili, da jawo mutanen gida da abokan zama su ɗauki nasu kason na aikin.

Sai mun san abin da take yi wa jiki kafin mu gane dalili. A cikin alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya miƙe. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, da zarar ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, a garin yaƙarsa ta ɓata bangon hanjin. Wannan bango yana lulluɓe da 'yan tsirrai ƙanana kamar gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Idan suka lalace suka kwanta, sai mutum ya yi ta ci jikinsa bai samu ba. Daga nan ake ganin gudawa mai yawan dawowa, kumburin ciki, rama, kasala, ƙarancin jinin da ba ya jin magani, raunin ƙashi, ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu, tsumburewar yara, da ɓari ga wasu mata. Wasu kuma cikinsu ba ya damunsu ko kaɗan, alhali ɓarnar tana gudana. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, akasarinsu ba su sani ba. Wanda ya tabbatar da hannun alkama a ciki wani likitan yara ne ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke. A yunwar da ta afka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da wannan cuta suka murmure. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa, kuma a kansa ake tafiya har gobe.

Nauyin zuciya yakan fara tun kafin a san sunan ciwon. Ƙungiyar masu siliyak ta Birtaniya, Coeliac UK, ta daɗe tana cewa a matsakaici baligi yakan yi shekara 13 yana fama kafin a gano abin da ke damunsa. A wurarenmu mai irin waɗannan alamu yakan sha maganin olsa, ya sha na taifot, ya sha na basir, a kai ga zargin sammu, in duk ba a dace ba a ce raki ne ko son jiki. Wanda aka yi shekaru ana ƙaryata ciwonsa yakan wayi gari shi ma yana shakkar kansa. Shi ya sa ranar da likita ya faɗi sunan cutar, abin da mutane da yawa suke fara ji shi ne sanyi a rai: ashe dai gaskiya ne. Amma bayan 'yan makonni wani abu yakan biyo baya, wato baƙin cikin rabuwa da abincin da aka tashi da shi, da haushin ganin kowa yana ci ba tare da tunani ba. Wannan ba ƙarancin haƙuri ba ne. A wani bincike da aka buga a 2014 daga birnin Boston na Amurka, an tambayi masu cututtuka daban-daban yadda suke jin nauyin kula da maganinsu. Masu siliyak sun nuna nauyin da ya zarce na masu hawan jini, ya yi kusa da na masu ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini. A ƙasar Suwidin kuma, inda ake adana bayanan marasa lafiya sosai, an ga cewa ciwon damuwa ya fi kama masu siliyak a kan sauran jama'a. Wani ɓangare na wannan daga jiki yake, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe da wasu bitamin yana kawo kasala da mutuwar jiki, kuma likita yana iya gyara shi. Ragowar daga zama da mutane yake, shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kai.

A dubi yadda muke cin abinci. Ranar suna akwai funkaso, garar amarya alkaki ne da dubulan da cincin, buɗa-baki ba ya rasa fanke ko taliya, teburin mai shayi burodi ne, wanda ya je Kano da gurasa ake tarbarsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan mai siliyak ba zai ci ba. Ga shi kuma a wurinmu mayar da abincin mutum ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ƙi cin abin da aka kawo masa ana iya fassara shi da girman kai, ko ƙyama, ko mafi muni, a ce yana zargin an sa masa wani abu. Suruki a gidan surukai, amarya a gaban uwar miji, ɗalibi a gaban malaminsa, kowannensu an horar da shi tun yana yaro cewa kara da kawaici su ne mutunci. Don haka mai siliyak da ya zaɓi yin shiru hanya biyu ce ta rage masa. Ko ya ci don kunya ya koma gida ya kwana yana murƙususu, ko ya fara ƙauracewa taro, yau ya ce yana da uzuri, gobe ya aika da gaisuwa, har a daina gayyatarsa. Ta farko tana cin hanji, ta biyu tana cin zumunci, kuma kaɗaicin da take haifarwa shi ne ƙofar damuwa.

Abin da za a fara ce masa, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne: ai ɗan taɓawa ba ya komai, loma ɗaya ce don a faranta wa mai gida. Hujja ba ta goyi bayan wannan ba. Wani gwaji da likitocin Italiya suka buga a 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a kullum, na tsawon wata uku, ya isa ya taɓa bangon hanjin mai siliyak, alhali yankan burodi guda yana ɗauke da wajen giram 2 ko fiye, wato ninki 40 na wancan. Ƙa'idar da hukumomin abinci na duniya suka amince da ita ita ce, ba a kiran abinci marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Maganar ɓarɓashi ake yi, ba ta loma ba. Rashin jin ciwo bayan an ci kuma ba shaidar tsira ba ce, tun da ɓarnar tana iya faruwa shiru. Bayan wannan akwai lissafin zaman jama'a, wanda a ganina ya fi na hanji tsada. Ranar da mai siliyak ya ci alkaki don kunyar gwaggonsa, ya koya wa duk wanda ke wurin cewa dokar tana da ƙofa. Gobe in ya ƙi na wata, sai ta ce ai ranar nan ya ci na wance. Wanda ya tsaya a kan magana ɗaya a ko'ina, da sauri ake sabawa da shi a daina matsa masa.

To yaya zai ƙi ba tare da ya ɓata wa kowa ba? Hausawa sun riga sun ba da amsa da suka ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Abin da mai gayyata yake nema shi ne a zo, a zauna, a nuna an karɓi karamcinsa. Ko a fikihu, abin da aka ƙarfafa game da walima shi ne halarta, har mai azumi ana son ya je ya yi wa masu gida addu'a ko da ba zai ci ba. Mai siliyak sai ya rarrabe tsakanin karamcin da abincin: ya karɓi na farko hannu bibbiyu, ya bayyana uzurinsa a kan na biyu. Maganar ba ta bukatar tsawo. Ya isa ya ce, “Hajiya, Allah ya saka da alheri. Likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama ko fulawa, ko kaɗan ne yana kwantar da ni. In akwai shinkafa zan ci, ko fura in sha.” An ambaci likita, don kada a ɗauka ra'ayi ne, an ambaci fulawa, domin mutane da yawa ba sa haɗa ta da alkama a ransu, an kuma bai wa mai gida abin da za ta iya yi, domin abin da ke ƙona mata rai shi ne baƙo ya tashi bai ci komai ba. In taron na kusa ne, ya fi kyau a sanar tun kafin ranar, ta bakin wanda masu gida suke jin maganarsa. In na nesa ne, mutum ya ci abinsa a gida kafin ya fita, kada yunwa ta yanke masa shawara. Ba sabon abu muke nema daga jama'a ba. Yau in dattijo ya ce yana da ciwon sukari, ba mai tura masa lemo, sai ma a yi ta neman abin da zai dace da shi. Wannan fahimtar ta samu ne saboda masu ciwon sun yi ta faɗa har kunne ya saba.

Wani zai ce ai wannan cutar Turawa ce, me ya kawo ta cikin darasinmu? Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma bai kamata a ɓoye ba. Wani bincike da aka buga a 2002 ya gwada jinin ɗaruruwan mutane a Burkina Faso bai sami mai ita ko ɗaya ba. Sai dai adadi mafi girma da aka taɓa samu a duniya a Afirka aka same shi: a 1999 aka buga cewa kashi 5.6 cikin 100 na yaran Saharawi da aka gwada a sansanonin gudun hijira na yankin Tinduf a Aljeriya suna da ita, mutanen da fulawar agaji ta zama babban abincinsu. A Sudan, inda Hausawa da yawa suke zaune, tun 1978 aka buga rahoton yaran da aka same su da cutar. A arewacin Indiya ma sananniya ce. Abu biyu ne suke haɗuwa su haifar da ita, gado da cin alkama, kuma duk mai ido ya ga yadda burodi da taliya da tuwon semo suka mamaye kwanukanmu a 'yan shekarun nan. Ko da mutum ɗaya ne a unguwa, ƙarancin masu ita shi ne yake ƙara masa kaɗaici, domin ba wanda ya taɓa jin sunanta.

A nan muna da wata falala da Bature ba shi da ita. Shi abincinsa na asali alkama ne, sai ya sayi burodi na musamman mai tsada. Mu kuwa gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, duk babu gulutin a cikinsu, haka nama da kifi da ƙwai da nono da ganyaye. Tuwon dawa da miyar kuka, fura da nono, ƙosai da koko, alala, dambu, abinci ne da mai siliyak zai rayu a kansu lafiya lau. Haɗarin yana wurin da ido ba ya gani. Injin niƙan unguwa da ya gama niƙa alkama yakan bar gari a cikinsa, ya gauraya da masarar wanda ya biyo baya. Masu waina da sinasir wasu sukan ƙara fulawa don ya yi laushi. Ɗanwake a yau sau da yawa da fulawa ake kwaɓa shi. Man da aka soya fanke a ciki bai dace a soya masa ƙosai ba. Lemon malt yawanci da sha'ir ake yin sa, wasu dunƙulen miya da kayan gwangwani ma sukan ƙunshi alkama, sai an karanta jikin kwalin. Duk wanda ya lura zai ga cewa kusan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a hannun marar lafiyar yake ba. A hannun mai injin yake, da mai waina, da wadda ke da girki. Wanda bai faɗa musu ba, ta yaya za su kiyaye?

Daga nan ƙorafi na uku yake tasowa: ashe za a ɗora wa gida guda wahala saboda mutum ɗaya? Wahalar ba ta kai yadda ake zato ba. A gidan da tuwon masara ko shinkafa ne abincin dare, tukunya ɗaya ta wadatar da kowa, abin da ake bukata kawai a tabbatar da tsabtar niƙa, a keɓe rariya da muciya da ludayi, a rufe garin marar lafiya nesa da fulawa. Ranar taliya a ɗora masa wani abu a gefe, a fara zuba nasa kafin a taɓa na sauran. Amfanin cin tukunya ɗaya ya wuce na hanji, musamman ga yaro, domin yaron da kullum ake ware masa kwano yakan ɗauka hukunci ake yi masa. Inda abin yake da wuya da gaske shi ne inda mai cutar ba shi da iko da murhu kuma ba shi da bakin magana: yarinyar da ke makarantar kwana, amaryar da ke girki tare da uwar miji, magidancin da matansa suke karɓa-karɓar girki. A irin waɗannan wurare wajibi ne mai faɗa-a-ji ya yi magana a madadinsa, uba ya je wurin shugaban makaranta da takardar likita, miji ya zaunar da iyalinsa gaba ɗaya ya yi bayani sau ɗaya a gaban kowa, don kada abin ya zama gori ko zargin fifiko. Italiya ta mayar da wannan doka tun 2005, inda aka wajabta wa ɗakunan cin abinci na makarantu da asibitoci su tanadi abinci marar gulutin ga wanda ya nema, gwamnati kuma tana ba masu cutar tallafin sayen abinci duk wata. Ko ba mu kai can ba, ma'anar dokar a fili take: sun ɗauki abincin a matsayin magani, magani kuwa ba alfarma ba ne.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na aure, kuma ba na raina shi. Iyaye suna tsoron in aka ji 'yarsu tana da ciwon da ba ya warkewa, manema za su janye. Tsoron yana da tushe, domin mutane sukan gudu daga abin da ba su sani ba. Amma a auna abin da ɓoyewar take jawowa. Yarinyar da aka kai ɗakin miji ba a faɗa ba, tun daga makon farko za ta fuskanci kayan gara da abincin dangin miji, ko ta ci ta kwanta ciwo, ko ta ƙi a ce ba ta da tarbiyya. Ga shi cutar da ba a kiyaye ba ita ce take da alaƙa da ɓari da haihuwar jarirai marasa nauyi, alhali macen da ta riƙe abincinta yawanci takan yi ciki ta haihu kamar kowa. Gaskiyar da za a faɗa wa manemi ba mai firgitarwa ba ce. Ba a ɗaukar siliyak ta zama tare ko cin abinci tare. Gadonta ba irin na sikila ba ne: cikin 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita na jini, kusan 1 cikin 10 ne yake samunta, shi ma in an gwada shi da wuri zai tashi lafiya. Al'ummar da ta fara sabawa da gwajin jini kafin aure za ta iya ɗaukar wannan bayani. Wanda kuma ya ji ya janye saboda ba zai iya haƙura da keɓe rariya ba, gara a san haka kafin a ɗaura.

Akwai kuma masu cewa yawan magana a kan ɓarɓashi da injin niƙa shi ne zai mayar da mutum mai waswasi, ya kasa cin komai cikin natsuwa. Wannan haɗari ne na gaske. Masu bincike a Jami'ar Kolombiya da ke New York sun buga a 2018 cewa masu siliyak da suka fi kowa tsananin sa ido a kan abinci sun fi sauran ƙarancin jin daɗin rayuwa. Amma maganin wannan ba sassauta doka ba ne, rage yawan abin da mutum ɗaya yake gadi ne. Wanda shi kaɗai ya san ciwonsa dole ya zargi kowane kwano. Wanda matarsa da ƙanwarsa da mai wainar unguwarsu da abokin aikinsa suka sani, yana da wurare huɗu da zai ci abinci hankalinsa kwance. Ya kamata kuma ya rarrabe ganganci da kuskure. Duk taka-tsantsan, wata rana za a yi kuskure. In ya faru zai sha wuya na 'yan kwanaki, hanji kuma ya ci gaba da warkewa muddin an koma kan hanya. Warkewar a yara takan ɗauki watanni, a manya tana iya kai shekara biyu ko fiye, don haka wanda bai ga canji nan take ba kada ya yanke ƙauna. In kuwa baƙin ciki ya zarce makonni, barci ya ƙaurace, mutum ya daina sha'awar abin da ya saba so ko ya fara tsoron abinci gaba ɗaya, wannan ciwo ne na daban da ke bukatar likita, kuma neman maganinsa bai saɓa wa tawakkali ba.

Duk abin da aka faɗa ya rataya ne a kan tabbacin likita. Kada wanda ya karanta wannan darasi ya ga yana da kumburin ciki ya yanke wa kansa hukunci, domin tsutsar ciki da wasu cututtukan hanji suna kawo alamu iri ɗaya. Ana farawa da gwajin jini, sannan yawanci a zura na'ura ta baki a ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki na hanji a duba. Sharaɗin gwajin shi ne mutum yana kan cin alkama lokacin da aka yi shi. Wanda ya daina tun kafin ya je, sakamakon zai iya fitowa ba komai alhali cutar tana nan. Takardar likitan nan ita ce kuma abin da zai riƙe a hannu ranar da zai yi wa shugaban makaranta ko dangin miji bayani.

Aikin aji: ku kasu gida uku. Rukuni na farko ya rubuta abincin kwana bakwai na gida mai matsakaicin ƙarfi, safe da rana da dare, ba tare da alkama ko sha'ir ba, da kuɗin da zai ci a kasuwarku. Na biyu ya je wurin mai injin niƙa da mai waina ya tambaye su yadda suke aiki, da abin da za su iya yi wa mai irin wannan lalura. Na uku ya shirya gajeren wasan kwaikwayo na amaryar da uwar mijinta ta kawo mata funkaso, a gwada maganar da za ta yi, da wadda mijin ya kamata ya riga ta yi.